Ɓargon Baffa

Ni ne na je na kira wanzamin. Na fara da wannan ne domin na daɗe ina ba da labarin nan ina tsallake shi.

Ranar Alhamis ce, cikin bazara, wajen ƙarshen shekarun saba'in. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya a Tsafe. Duk Laraba da yamma nakan hau babur ɗina in taho gida Gusau, in kwana biyu in koma. Da safen nan ina tsakar gida ina shan kunu, Baba yana zaure, sai na ji ya ɗaga murya yana yi wa Inna magana.

"Ki ce da wancan shi kira mini wanzami. Jikina ya yi nauyi."

Ni ne wancan. Ni ɗan fari ne, kuma mu Fulani ne, ko da yake Baba ya yi karatun boko har ya zama babban malamin dabbobi na gwamnati. Bai taɓa kiran sunana ba, kuma in akwai wani a kusa, ta bakinsa yake aiko mini da magana, ko da ina zaune a gabansa. Inna ma haka. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, a rugarmu da ke bayan Bunguɗu, kan hanyar Nahuce. A can na girma, a can na yi karatun allo, na koyi rubutun ajami. Ƙanen Baba, wanda nake kira Baffa, shi ya tsaya a gida da shanu da gona. Shi ya koya mini tatsa, shi ya fara dukana, kuma shi kaɗai ne a duk gidanmu nake iya gaya wa abin da ke cikina.

Shekara uku kafin wannan safiya aka gano Baba yana da ciwon dajin jini. An yi ta ba shi magani a wani babban asibiti mai nisan rabin yini daga Gusau, ciwon ya kwanta ya tashi. Daga baya gwamnati ta kai shi Ingila. Likitocin can suka ce za su kashe ɓargon da ke cikin ƙasusuwansa, su dasa masa na wani, amma sai na ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma sai in jininsu ya dace. Aka gwada 'yan'uwansa duka, na Baffa kaɗai ya dace. Haka Baffa, wanda bai taɓa wuce Funtuwa ba, ya shiga jirgin sama.

Bayan wata biyar Baba ya dawo, a rame, ba gashi ko ɗaya a kansa, da takardar dokoki a aljihu. Ya riƙa karantawa yana fassarawa, ni kuma ina rubutawa da ajami domin Inna ta riƙa dubawa. Kada ya sha ruwan da ba a tafasa ba. Kada ya shiga cikin masu tari. Kada a tsaga jikinsa da komai. Likitocin sun kuma ce in ya kai shekara biyu ciwon bai dawo ba, to a fara kwantar da hankali. Da Baffa ya ji haka sai ya yi bakance, wato ya ɗaukar wa Allah alkawari: ranar da ɗan'uwansa ya cika shekara biyu da dashen nan cikin lafiya, zai yanka bijimi ya ciyar da jama'a. Ya ware bijimin tun yana ɗan maraƙi. A safiyar da nake ba da labari, saura kwana takwas.

Don haka na san abin da ke cikin takardar, da hannuna na rubuta shi. Amma ɗan fari ba ya ce wa ubansa a'a, ba ya ma tambayarsa dalili. Na dubi Inna, Inna ta dubi tukunya. Na ajiye ludayi na fita.

Wanzamin tsoho ne, maƙwabcinmu, shi yake yi wa Baba ƙaho duk bazara kafin ciwon nan. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Likitan shanu! Yau anka tuna da mu? Turawa sun gama nasu, an dawo ga masu aska."

"Shigo ka yi aikinka," in ji Baba. "Bakinka ya fi askarka kaifi."

"To jinin wa zan fitar? Naka ko na Bafillacen dajin nan? In nashi ne, da nono za a biya ni."

Baba ya yi murmushi ya tuɓe rigarsa. A nan na ga tabbai a jikinsa. Shuɗi ne mai duhu, wasu kamar faɗin tafin hannu, a damtse da haƙarƙari da gefen ciki, kamar wanda aka yi wa dukan sanda. Wanzami ya tsaya da zabirarsa a hannu.

"Wa ya doke ka haka? Ko uwargida ce ta gaji da kai?"

"Saniya ta ture ni."

Na san ya yi makonni bai shiga garke ba.

Wanzami ya kafa ƙaho huɗu a bayansa, biyu a sama biyu a ƙasa. Ya zuƙe, ya toshe, ya bari fata ta taso. Sannan ya cire, ya yi 'yan tsage-tsagensa da aska, ya mayar da ƙahonin. Yana yi yana ba da labarin wani mai shago da ya suma a hannunsa. Da ya cire ƙaho na farko ya juye a kaskon yashi, labarin ya tsaya. Na sha ganin jinin ƙaho, baƙi ne, gudaji-gudaji. Wannan kuwa tsararo ne, ja mai haske kamar ruwan zoɓo. Ya goge wurin da auduga, jini ya sake fitowa. Ya danna, ya jira, ya ɗaga hannu, ya fito. Ya nemi toka mai tsabta, Inna ta miƙo daga bayan ƙofa, ya shafa. Jinin ya ratso tokar ya gangaro zuwa bakin wando.

Ina tsaye ina riƙe da rigar Baba. Wani ɗigo ya faɗi a ƙasa kusa da ƙafata, layin tururuwa ya zo ya rabu biyu ya kewaye shi ya sake haɗewa. Abin da nake kallo ke nan. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Sai da wanzamin ya kira ni sau biyu na ɗago.

"Malam," ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "ɗauko babur ɗinka."

Muka ɗaure bayan da zanen Inna, na goya Baba zuwa asibitin gari. Wannan ne karo na farko da na taɓa jin hannunsa a kafaɗata.

Likitan da ke duba shi ɗan Indiya ne, ya san shi sarai. Da ya kwance zanen ya ga aikin ƙaho, sai da ya zagaya ɗakin yana faɗa da Turanci. Baba ya sunkuyar da kai kamar yaro. Aka yi masa allura, aka ɗaure wurin da ƙarfi, aka ɗebi jininsa. Muka zauna a benci har bayan azahar. Da aka sake kiranmu, likitan ya daina faɗa, ya koma magana a hankali da 'yar Hausarsa domin ni ma in ji. Ya ce ba ƙahon ne ya kawo matsalar ba, ƙahon ya tona ta ne kawai. Abin da ke sa jini ya daskare ya yi ƙasa ƙwarai a jikin Baba. Yana iya zama zazzaɓi ne ya ɓuya, ko wani magani ne ya jawo. Yana kuma iya zama ciwon ne ya dawo. Shi ba zai iya rabewa ba. Zai aika da jinin a kan gilashi zuwa babban asibitin nan, amsa za ta zo cikin kamar mako biyu.

Da muka fito Baba ya ce, yana kallon titi, "A bi ta ofis."

Ofishinsu na dabbobi yana da wani ɗan ɗaki a baya, inda suke ajiye madubin duba jinin shanu, wanda suke gane cutar sammore da shi. Ma'aikata sun tashi. Ya buɗe da mabuɗinsa, ya wanke hannu, ya soki yatsansa, ya ja ɗigon a kan gilashi, ya zuba masa ruwan launi, ya jira ya bushe. Duk a natse, yadda ya yi wa dubban shanu. Sannan ya kifa ido a kan madubin. Ya daɗe. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin kukan wata kurciya a kan dalbejiya. Da ya ɗago sai ya matsa gefe ya yi mini alama da hannu. Na leƙa. Na ga 'yan da'irori, wasu jajaye, wasu shuɗi, sun watsu kamar an zubar da tsakiyar ado. Ban san me nake nema ba.

"Jinin shanu anka koya mini," in ji shi. Ya cire gilashin ya jefa a kwandon shara.

Ya zauna a kujera yana danne yatsan da auduga. Ba kowa a ɗakin da zai aiko maganar ta bakinsa.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Baffanka ba zai ji wagga magana ba. In ya ji, cewa zai yi nashi ne ya ɓaci a jikina. Tun da munka dawo, ko mura na yi sai ya kwana uku bai ci abinci ba. A bar shi shi yanka bijiminshi. In takarda ta zo, mu san abin da za mu ce."

"To, Baba."

Washegari Juma'a, kuma tun makonni kafin nan Baffa ya sa mini ranar in je in rubuta masa takardun gayyata. Ba ni da hanyar ƙin zuwa. Na sakko daga masallaci na kama hanyar Bunguɗu.

Na tarar da shi a wurin turke, yana ba bijimin dusa da kanwa. Fari ne, mai tozo kamar tulu, ƙahoninsa sun buɗe. Bai taɓa bin garke zuwa kudu da rani ba, a gida yake cin harawa.

"Malamin Tsafe! Zo ka ga abokinka. Ya fi ka ƙiba, ya fi ka hankali." Ya shafa wuyan bijimin. "Yaya ka baro Hamma?" Haka yake kiran yayansa.

"Lafiya lau, Baffa."

"Ɓargona shina aiki?"

"Shina aiki."

Maganar ta fita daga bakina sumul. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, domin tun da nake ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, ko ranar da na bar maraƙi ya faɗa rijiya. Ba abin da ya motsa.

Muka zauna a inuwar rumbu, matarsa ta kawo fura. Na fito da tawada da alƙalami da takardu. Amma kafin a fara sai da ya sake ba ni labarin Ingila, wanda duk Bunguɗu an haddace. Yadda sanyi ya sa ya sa riga uku da bargo yana yawo a cikin asibiti. Yadda aka kawo masa madara a kwalba ya tambaya ko saniyar ba ta da lafiya ne. Yadda aka sa shi barci, ya farka ƙugunsa yana ciwo kamar jaki ya harbe shi, ya ce da tafinta ya tambaye su ko sun bar masa saura.

"Kuma ka lura," ya ce yana nuna ni da ludayi, "tun da anka zuba mai nawa, mutumin nan ya fara son kindirmo. Da can shayi, shayi, kamar Bature. Yanzu ya zama mutum."

Na yi dariya a inda ya kamata.

Sannan ya gyara zama ya fara shifta. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa Allah cikin ikonsa ya cika wa Hamma shekara biyu cikin ƙoshin lafiya, ciwo ya tafi bai dawo ba. Ka zo ranar Juma'a mai zuwa mu gode wa Allah tare. Takarda bakwai na rubuta, zuwa ga dangi a Kwatarkwashi da Nahuce da sauran wurare, kowace da wannan magana a ciki. Har na lura rubutun ya fi na kullum kyau.

Da zan tafi ya rako ni bakin hanya, ya tsaya yana dubana.

"Kai kuma mi ya same ka? Ko yarinyar da kake zuwa wurinta ta ga wanda ya fi ka?"

"Zafi ne, Baffa."

"Zafi," ya ce. "Ka ce da Hamma shi sa farar riga. Ba na son wagga rigar ofis tashi."

Kwanakin da suka biyo a Tsafe na yi su. Na shiga aji, na biya karatu, na gyara wa masu kuskure. Na yi sallolina a kan lokaci. Duk addu'ar neman lafiya da malamaina suka koya mini na karanta ta, kuma na san Allah yana ji, ban taɓa shakkar wannan ba. Amma ji nake kamar wani ne yake karantawa a ɗaki na kusa, ni ina saurare ta bango. Na yi wa Baba rubutu a allo, na tafasa ruwa na bari ya huce kafin in wanke, saboda takardar ta ce haka. Na zuba a kwalba na ba direban motar haya ya kai Gusau. Abinci in an kawo in ci, in ba a kawo ba ba na nema. Wata rana bayan la'asar na zauna ina kallon duwatsun bayan gari, sai kiran magariba na ji. Ban iya cewa ga abin da na yi tunani a kai ba.

Ranar Laraba da na dawo gida na tarar da rigunan Baba uku a kan igiya, Inna ta wanke musu jini. Ta ga ina kallonsu, ta ce da ƙanwata, "Ki ce da yayanki abinci na ɗaki." Iyakar maganarmu ke nan a kan lamarin.

Ranar Juma'a wani abokin aikin Baba ya kai mu a motarsa. Inna ta ɗaure masa bayan da sabon ƙyalle, ya sa farar babbar riga. In ba ka sani ba, ba za ka ce komai ba, sai dai leɓunansa da suka yi fari. Muka isa da hantsi, domin a yanka kafin a tafi masallaci. Mutane sun cika gaban gida, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tsamiya, mata suna ta daka a ciki.

Baffa yana da wata gaisuwa da ya ƙirƙiro tun dawowarsu. In ya ga Baba sai ya buga masa tafin hannu a baya ya ce yana gaishe da ɓargonsa. Na san da wannan. Amma duk kwana takwas da na yi da sanin raunin bayan Baba, gaisuwar ba ta taɓa faɗo mini a rai ba sai da na ga hannun a sama.

"Ina kwana, nawa na ciki!"

Jama'a suka yi dariya. Baba ma ya yi, ya cije. Aka zaunar da shi a kan buzu, mutane suka yi ta zuwa suna gaisuwa. Ina tsaye a bayansa. A hankali wani ɗan ja ya bayyana a farar rigar, a saman kafaɗar dama. Sai wani a ƙasansa. Suka yi ta faɗi, zagaye-zagaye, daidai bakin ƙaho.

Baffa ya zo wucewa da ƙwaryar goro. Ya tsaya. Ya san tabon ƙaho, kuma yana nan a Ingila lokacin da tafinta yake jera dokoki. Ya ajiye ƙwaryar, ya cire mayafin da ke kafaɗarsa, ya yafa wa yayansa, cikin wannan zafi.

"Ka riƙe mini wannan, Hamma, ya dame ni."

Baba bai waiwayo ba. Ya kama bakin mayafin ya ja shi gaba.

Baffa ya dube ni ya nufi wurin turke, na bi shi. Samari suna can da igiyoyi suna jiran a ce su kayar da bijimin. Ya ce su ba mu wuri.

"Tun yaushe?"

Na gaya masa. Wanzami, da asibiti, da gilashin da aka aika, da abin da likita ya ce. Ban rage komai ba, har da cewa ni na kira wanzamin, kuma ranar da na zo rubuta takardu na riga na sani. Ina magana ina jin muryata kamar mai karanta wasiƙar wani. Na zaci zai mare ni. Sai ya dafa tozon bijimin kawai.

"Nawa ne ya ɓaci?"

"Ban sani ba, Baffa. Ba a ma tabbatar ciwon ne ba."

"Nawa ne," ya ce, ba da ni yake ba.

Bijimin ya juyo yana lasar hannunsa. Can ya ce, "Kai malam ne. Na ce wa Allah in ya kai shekara biyu da lafiya. To ya kai ko bai kai ba?"

"Shekara biyu ta cika yau. Lafiyar ce ba mu sani ba."

"Da ƙafarshi ya shigo gidan nan?"

"Da ƙafarshi."

"To a kawo wuƙa."

Aka kayar da bijimin, aka fuskantar da shi alƙibla, Baffa ya yanka da hannunsa. Aka yi addu'a, liman ya gode wa Allah da ya ba bawansa lafiya, muka shafa. Bayan masallaci aka ci, aka raba, har da na maƙwabtan ruga. Baffa ya yi ta zagayawa yana tura wa mutane nama, yana tsokanar kowa. Ni kaɗai na lura bai kai ko tsoka ɗaya bakinsa ba.

A hanyar komawa Baba yana gaba, ni ina baya. Mun wuce rabin hanya ya ce da abokin nasa, "Yaran yanzu ba su iya riƙe magana." Abokin ya ce ai haka suke, bai san a kan me ake ba. Ni kuma ina kallon gonaki da aka share ana jiran ruwa.

Bayan kwana biyar takarda ta zo. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce a kawo shi a ɗebi ɓargon a duba. Na aika wa Baffa da saƙo ba tare da na tambayi kowa ba. Ranar tafiya muka same shi a tashar jirgin ƙasa ta Gusau, da jakar fata da sanda, ya riga mu zuwa. Idanunsa sun faɗa. Matarsa ta gaya mini daga baya cewa tun ranar yanka ruwa da ɗan nono kawai yake sha.

"Wa ya kira ka?" in ji Baba.

"Kayana zan bi. Ko an hana?"

A babban asibitin aka kwantar da Baba, aka soka masa doguwar allura a ƙashin ƙugu. Muka jira kwana uku, ni da Baffa, a barandar ɗakin marasa lafiya. Shi yana jan carbi, ni ina ƙirga masu wucewa ba tare da na san ina yi ba. A rana ta uku da la'asar babban likitan ya zo bakin gadon, ya ja labule, ya yi wa Baba magana da Turanci. Baba ya saurara yana gyaɗa kai. Sannan ya juyo zai fassara mana.

"A'a," in ji Baffa. "Ba kai ba. Kai gyara magana za ka yi."

Ya fita baranda ya kamo hannun wani ma'aikacin asibiti Bahaushe, ya tsayar da shi a gaban likita. Ta bakinsa muka ji. Ciwon ne ya dawo. Baffa ya tattare rigarsa ya nuna ƙugunsa, ya ce a ɗebi wani, akwai saura. Likita ya ce jikin Baba ba zai ɗauki dashe na biyu ba. Za su ba shi magani da ƙarin jini, ya samu sauƙi gwargwadon abin da Allah ya nufa. Wata bakwai ne suka rage masa, Allah ya jiƙansa, amma a ranar ba wanda ya san adadin.

Baffa ya saki rigar. Ya ce da ma'aikacin, "Tambaye shi. Wanda na bayar, shi ne ya ɓaci?"

Likita ya girgiza kai tun kafin a gama fassarawa. Ya ce ɓargon da aka dasa lafiyayye ne, shi ne ma ya riƙe mutumin nan shekara biyu. Abin da ya taso ragowar tsohon ne, na jikin Baba, wanda ya ɓuya magani bai kai gare shi ba.

"Shi sake faɗi."

Aka sake faɗi.

Baffa ya juya ya dubi yayansa a kan gado.

"Ka ji ko, likitan shanu? Nawa lafiya lau. Naka ne, tsohon banzan nan, ya laɓe kamar ɓera a rumbu. Na ba ka abu mai kyau ka haɗa shi da shara."

Baba ya fara dariya, ta zama tari, ya ci gaba da dariyar cikin tarin har hawaye suka zubo masa. Ma'aikacin ya rasa ko ya fassara wannan ma. Likita ya dube su, ya dube ni, ya buɗe labule ya tafi.

Baffa ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar gadon. Sannan ya ce, "Malamin Tsafe, ba a sayar da tuwo a garin nan?"

Na fita bakin ƙofar asibiti na sayo tuwon dawa da miyar kuka a kwano. Ya wanke hannu ya fara ci a nan ƙasa, a hankali, Baba yana kallonsa daga kan gado. Da ya kai rabi ya turo mini kwanon da bayan hannu. Na zauna na ci.